Zobon Taron Alhamis

"Umma, me ya sa zobon Abba yake kumfa?" Khairat ta tambaye ni.

Ni na samo wa mijina Ghali taron masu son daina shan giya, a ɓoye a unguwar Manfuha, don a Riyad kurɓi ɗaya ya isa a soke mana iƙama, takardar izinin zama, a kore mu. Duk Alhamis nakan dafa musu zobo jarka guda.

"Sannu, Maman Khairat, 'yan'uwa suna ta sa miki albarka," Ghali yakan ce.

Yarinyar ta ja ni bayan injin wanki. Ga jarkokina an zuba musu yis, sai tashin tsami suke yi, zobon yana zama giya.

Ghali ya daina sha da gaske. Bayin Allahn da ke fama su daina yake sayar wa.

'Yar'uwa, kada ki tsaya shinshina bakinsa kawai. Duba abin da yake fita da shi.