Hannun Akala

Da ya farfaɗo a gadon asibiti, ƙafarsa ta dama ba ta motsi, ya rasa gane ta inda abin ya ɓaci.

A shekarar nan arzikin fetur ya cika garin Sabha da babura. Lebura zai yi wata uku yana ɗaukar bulo, sai ka gan shi kan jan babur yana tsaga titin Mahdiya kamar an koro shi. Shi ma ya saya, shi da ya shekara ashirin a kan raƙuma tsakanin Agadas da Bilma, ba raƙumin da ya taɓa kayar da shi.

"Ƙarfen nan ba lafiya gare shi ba," ya ce wa ƙanensa bakanike da ke tsaye a kansa. "Na hango motar yashi ta tare hanya, na tsayar da shi, sai ya ƙara wuta. Na sake tsayarwa, ya haukace."

"Yaya, na duba birkin. Ko taɓa shi ba a yi ba."

"Ƙarya nake yi ke nan?"

"Nuna mini yadda ka tsayar da shi."

Ya miƙa hannun dama, ya damƙi iska, ya murɗo baya da ƙarfi, bakinsa na yin sautin da ake gurfanar da raƙumi da shi. Ƙanen ya sunkuyar da kai. Shi kuwa ya zuba wa hannun ido, har yanzu yana jan akala, daidai inda totur ɗin babur yake.