Yatsun Uwani

Ni mutum ne mai barci a taro, ko a ɗaurin aurena sai da aka zungure ni. Duk da haka bara na je kallon Uwani, yarinyar da ta hana kowa ɗaukar kofin tanis har jama'a suka gaji da ita. Shi ya sa aka kafa doka: kujeru su riƙa ƙirga masu gyangyaɗi, in sun kai ɗari a yanke wa zakara yatsa, wai don wasa ya yi armashi.

A bakin ƙofa uwarta ta danƙa mini goro.

"Ɗan'uwana, ka rufa mana asiri ka tauna. Uku suka rage mata a hannun dama."

"Hajiya, ai ni ko a gida ba na runtsawa," na ce.

Gaba kaɗan dangin abokiyar karawarta suna raba fura mai sanyi. Ban iya wulakanta kyauta ba, na shanye kwano guda.

Tafi ne ya tashe ni. Allo ya nuna ɗari cif, likita yana sa safar hannu.

Bana da hagu take wasa, kuma har yanzu ba wadda ta ci ta.