Ranar da Aka Cire wa Barira 'Yar Rakiya

Tun tana rarrafe Barira take da 'yar rakiya a kunne, wato na'urar da ke nuna wa yara hanya tana kuma amsa musu kowace tambaya. Idan yaro ya girma, doka ta ce a cire.

Ranar da aka cire tata, suna dawowa da babanta, sai ta tsaya cak a mararraba.

"Baba, ta ina gidanmu yake?"

"Ni ma haka na yi ranar tawa. Je ki tambayi mai awarar can."

Barira ta matsa kusa da ita. "Sannu da aiki, Iya."

Matar ta yi murmushi. "'Yar gidan Gambo tela! Kullum ta gabana kike wucewa, sai yau na ji muryarki. Bi dama, 'yata."