Manomin da ya sare ɗorawarsa don sola

Matso kusa, Malam Ɗantani, in ba ka misalin wani manomi da aka yi a ƙasarmu. Gonarsa tana kan tudu gabas da gari, da ɗorawa bakwai a cikinta waɗanda kakansa ya raina, ga gamba ta zagaye iyakar tana riƙe ƙasa. Gonar ba ta cika rumbu, amma ba ta taɓa barin gidan da yunwa ba. In bazara ta yi, matarsa ta kwashi ɗorawa, ta daka gari, ta dafa kalwa ta yi daddawar da ake zuwa saye daga ƙauyuka uku. Ana nan sai wani kamfani ya zo neman filin da zai shimfiɗa faya-fayan sola masu yawa don samar da lantarki. Wuri biyu suka nuna wa ƙaramar hukuma: tudun manomin nan, da wani faƙo a yamma da gari wanda ko ƙaya ba ta fita a kansa. Suka ce duk wanda aka ɗauki filinsa za a riƙa ba shi haya kowace shekara, ya ajiye garma ya huta. Manomin ya tsufa, bayansa yana ciwo, maganar hutu ta shiga ransa ta zauna.

Kwamitin da ke duba irin waɗannan ayyuka ya kira taro a wani aji na makarantar firamare. Manomi ya sa babbar rigarsa ya zauna a kan bencin yara. Aka baje taswira, aka yi ta bayani. Can wata ma'aikaciyar gandun daji da ke cikin kwamitin ta ce tudun ya fi kusa da hanya, gaskiya ne, amma akwai manyan itatuwa a kansa, sola kuwa ba ta son inuwa, don haka a ɗage magana sai bayan damina, su je su gani da idonsu. Cikin duk abin da aka faɗa a ranar, kalma ɗaya manomin ya ɗauko ya kawo gida: itatuwa ne suka tare masa hanya. Da ya gaya wa matarsa abin da ya ƙudurta, sai ta ajiye taɓarya ta ce, "Malam, a bari su sa hannu tukuna mana." Ya ce, "Ai sa hannun ne itatuwan suka hana." Bai ƙara neman shawarar kowa ba. Ya kira masu injin yankan katako, a lokacin ɗorawa tana cikin fure, jajayen furanni na reto a kowane reshe. Kwana uku ana jin kukan injin har cikin gari. Ya tone gambar ita ma, ya baje kunyoyi, ya share fili fes don kwamiti su zo su tarar da shi a shirye. Da ruwa ya sauka bai yi shuka ba, wai kada a ce gonar tana cikin aiki.

Damina ta yi ƙarfi a shekarar. Ruwa ya sauko daga tudu bai sami abin da zai tsai da shi ba, ya ja ƙasa ya tafi da ita, ya tsaga kwazazzabo a tsakiyar gonar mai zurfin kai wa mutum ƙugu. Bayan kaka 'yan kwamiti suka iso a mota ɗaya. Manomi ya tarbe su da fara'a, yana nuna musu fili da hannu biyu. Injiniyan da ke cikinsu ya sauka cikin kwazazzabon, ya damƙi ƙasa ya murje, ya ce wannan wuri ba zai riƙe turakun ƙarfe ba. Ma'aikaciyar gandun daji ta daɗe tsaye a kan kututture mafi girma, sannan ta ce, "Baba, wa ya ce ka sare su? In muka amince da wannan, gobe babu itacen da zai kwana a tsaye a ƙasar nan." Mako biyu bayan nan aka manna takarda a ƙofar sakatariya: an zaɓi faƙon yamma.

Shekarar nan da gudummawar 'yan'uwa suka ci tuwo. Matar ta gwada sayen kalwa a kasuwa, abin bai fitar da ita ba, ta kife tukwanen daddawar a bayan ɗaki, masu zuwa saye suka koma wani gida. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Da damina ta zagayo ya koma gona da ciwon bayansa, yana noman abin da ruwa ya bari, in rana ta take babu inda zai raɓe ya sha fura sai ya zauna a kan kututture ya rufe kai da riga. Daga nan yana hango faya-fayan sola suna ƙyalli a yamma. Ya dasa 'ya'yan ɗorawa, ya kewaye su da ƙaya, alhali ya san ba shi ne zai ci 'ya'yansu ba. Ranar da maƙwabcinsa ya tarar da shi yana ɗauko musu ruwa a tulu, ya tambaye shi yaushe za su yi inuwa, sai ya ce, "Bayan an binne ni."

Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.