Abin da Ya Kai Tsvetana Teburin Poka

"Uku iri ɗaya sun doke biyu-biyu! Sau nawa zan faɗa miki, Tsvetana?" in ji maƙwabcinta Boyko, wanda ke koya mata poka, wani wasan caca na karta.

"Maimaita, don Allah. Gobe ce ranar ziyara."

Shekara arba'in ta yi tana ƙona wa mijinta Radko karta don ta raba shi da caca. Yanzu ciwon mantuwa ya cinye shi, ba ya gane kowa, ba ya magana sai a teburin poka na gidan tsofaffi.

Washegari ta zauna gabansa a teburin, ta ɗauki karta. Karon farko cikin wata shida, ya dube ta ya yi murmushi.

"Raba da sauri, baiwar Allah," ya raɗa mata. "In matata ta kama mu, kashinmu ya bushe."

Ta tuna darasin Boyko na farko: kada fuska ta nuna komai. Ta raba.