Lambun da Ya Haihu Ranar Rabo

Da yatsu biyu shugabar mawaƙan coci ta ja ganyen, sai ga karas ya fito santal, kamar dama jiranta yake yi. Ta rangaɗa guɗa.

"Gwaggo! Zo ki ga ikon Allah!"

Gwaggo ta taho tana jan ƙafa. Shekara tara ke nan tana kula da lambun bayan coci, inda ake cika kwanduna a raba wa gidaje ashirin marasa ƙarfi. Kowane kwando kuwa sai ta ɗora masa gwangwani da ɗan tsiro a ciki, ko ana so ko ba a so. Bana tsutsa ta cinye lambun ƙaf. Dattawan coci suka ce in ranar rabo ta zo kwanduna ba su cika ba, za a malale wurin da siminti ya zama wajen ajiye motoci. Yau ce kuwa ranar.

Jiya da yamma ta bar kunyoyi ba komai sai kara. Yanzu ga kabeji zaune a ƙasa jere reras, ga tumatir ja wur ya taru a gindin ganye, ga yalo a kunyar barkono.

"Ni dai ban shuka yalo a nan ba," in ji Gwaggo.

"Haba Gwaggo, kyautar Allah ake wa tambaya?" in ji shugabar mawaƙa.

Fasto ya shigo a guje, takalminsa ɗaya a hannu. Ya sunkuya zai yi kokawa da kabeji, kabejin ya biyo shi ba gardama, saura kaɗan ya faɗi da baya.

"Ko saiwa babu!" ya ce. "Har girbin an sauƙaƙa mana!"

Mata suka ɗauki waƙa, ana tsinka ana rawa. Dattijon da ya fi kowa zaƙewa kan maganar siminti ya rungumi kabewa, yana rantsuwa shi dama can bai taɓa son motoci ba. Gwaggo ta zauna a kan bokiti, tana dariya tana share hawaye da bakin zane.

Kafin hantsi kwanduna ashirin sun cika fal. Masu karɓa suka yi layi a bakin shinge, suna ta hamma, gefen tufafinsu duk laka. Da an haɗa ido sai kowa ya kau da kai yana cizon leɓe.

Wata mai wankau ce ta farko a layin. Ta durƙusa ta karɓa, ta yi godiya har sau uku. Da ta koma gefe sai ta juya kabejin da ke saman kwandonta, ta duba gindinsa, ta zunguri wani tela da ke cikin layin da gwiwar hannu.

"Ka ga abin dariya," ta raɗa masa. "Gidaje ashirin muka kwaso amfanin tsiron gwangwanin nan daga bayan ɗakunanmu muka jera wa Gwaggo da asuba, amma sai nawa ne ya dawo mini!"