Yaron da Malam Rabo Ya Ce A Kora

"A kore shi kawai!" in ji Malam Rabo, hedimastan wata firamare a Faskari, tun likita ba ta gama karatu ba.

Zamanin kuɗin fetur ne, 'ya'yana. An tara malamai da ma'aikatan asibiti a Ƙanƙara, ana koya musu gane yaron da halittarsa ce ba ya iya natsuwa. Kowa ya kawo tsohon rahoton ɗalibi, an liƙe sunan. Shi ko gogan, tun safe yake nuna wa mutane sabon agogonsa da takardar korar Lidiya, 'yar aji uku, wai ta cika mutsu-mutsu.

Likita ta ci gaba da karanta rahoton da ke hannunta: "Ba ya zama, yana katse magana, ya ɓatar da allo huɗu."

Malam Rabo ya miƙe zumbur, ya sake katse ta. "Likita, bar ɓata bakinki. Wannan ba ciwo ba ne, iskanci ne. Irinsu ko jaki ba a ba su kiwo. Wane sakaran malami ne ya riƙe shi?"

Wani tsoho daga baya, Malam Sha'ibu na Daudawa, ya dogara sanda ya taso.

"Ni ne sakaran. Sau uku aka ce in kore shi, na ƙi." Ya karɓi rahoton, ya ɓare abin da ya rufe sunan, ya ɗaga kowa ya gani: Rabo ne. "Rabo, zamna haka nan, shekara talatin ina faɗa maka. Miƙo min takardar yarinyar."